Bayan An Sallamo Shi

Mu malaman sakandare mun saba sallamar ɗalibi da addu'a, mu ɗauka mun sauke nauyi. Ashe da sauran rina a kaba.

Akwai wani yaro da muka koyar a nan Zuru, gwanin lissafi. Da ya shiga babbar makaranta, abokai suka koya masa shan kodin, wai maganin gajiyar karatu. Da gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, sai ya koma tiramol. Ƙarshenta iyayensa suka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, kusa da Sakkwato.

Ya dawo garau, amma gari bai karɓe shi ba. In ya zauna a majalisa, sai a watse. Mu kanmu da ya zo gaishe mu, wa'azi muka yi masa, ko ruwa ba mu ba shi ba. Masu yi masa fara'a kaɗai su ne tsofaffin abokan shan nasa. Kafin wata uku ya koma ruwa.

Da aka sake sallamo shi, sai muka tuna da Golmo, al'adar Dakarkari, inda saurayi ke yi wa surukinsa noma shekara da shekaru, sa'o'insa na kama masa. Muka raba aiki. Ɗaya ya raka shi sabunta rajista, ɗaya yana kiransa a daren jarrabawa. Ranar Asabar kuma muka ba shi 'yan ajin ƙarshe yana koya musu lissafi. Ranar da wani yaro ya ce masa, "Malam, ban gane ba," mun ga ƙwalla a idonsa. Ya taɓa zamewa sau ɗaya, muka rufa asiri, muka sanar da likitansa. Yau ya kammala karatunsa.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka sha ƙwaya cikin shekara guda. Ba dukansu ne suka lalace ba. Amma a yawancin labaran da muke rubutawa, ɗan ƙwaya hauka yake yi ko ya mutu, don ya zama darasi. 'Yan'uwa marubuta, ɗalibin da ke ƙoƙarin dainawa shi ma yana karanta mu. Mu rubuta masa labarin wanda ya dawo.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin.