Ranar da "caji" ya sa Innata kuka

1/ Bari in ba ku labarin yadda kalma ɗaya ta Turanci ta sa Innata hawa babur daga Garo har Gwarzo tana hawaye.

2/ Kwananmu huɗu babu wuta. Na kai wayata shagon mai caji a Gwarzo, na zauna jira. Inna ta kira, a kashe. Ta kira abokina, ya ce: "Inna, ai yana wajen caji tun safe." Katinta ya ƙare a nan.

3/ Ita abin da ya faɗo mata caji ofis, inda 'yan sanda ke rubuta tuhumar wanda suka kama. Ta ƙulle kuɗin adashenta a bakin zane, wai na beli. Can aka ce babu mai sunana. Da aka rako ta shagon, ta same ni ina cin gyaɗa. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

4/ Daga nan na fara lissafi. Wajen mai POS, caji shi ne ladan da yake cira. A banki, har da naira 50 ɗin da ake yanka kan dubu 10 zuwa sama. A kotu, tuhuma. A asibitin ƙauye, in-caji shi ne shugaba. A ajin fiziks, abin da lantarki ke ɗauke da shi ne, ma'auninsa ma sunan Coulomb ya ci, Bafaranshen da ya fitar da dokarsa a 1785.

5/ Ashe duk uwarsu ɗaya. Kalmar ta shigo Turanci daga Faransanci, tushenta Latin, daga sunan amalanke. Ma'anarta ta fari: ɗora kaya. Ana ɗora wa batir wuta, a ɗora maka kuɗi, a ɗora wa mutum laifi, a ɗora wa shugaba nauyi.

6/ Mu matasa mun haddace su duka, muna tsalle daga wannan zuwa wancan. Iyayenmu kuwa wanda ya fi ba su tsoro suke fara ji. Tun ranar, in da Inna nake magana, sai in ce cajin WAYA.

7/ Kuɗin babur dai ni na biya, zuwa da dawowa. Ta ce wannan shi ne nawa cajin.

Ku fa, wace kalma ce ta taɓa tayar da hankali a gidanku?