Fentin Injin Babur a Dakoro

A Dakoro, inda 'yan kabu-kabu, wato masu jigilar fasinja a babur, suke keta rairayi zuwa ƙauyuka, akan daɗe ana shawara kan fentin da za a shafa wa tsohon injin da aka gyara. Dole fentin ya jure zafi, domin iska kaɗai ke sanyaya irin wannan inji. Mai sheƙi yana faranta ido amma yana tona duk inda ya ƙuje, baƙi marar sheƙi kuwa yana rufe tabon shekaru, ko da yake ƙurar hunturu takan kama shi. Zaɓin yakan bayyana halin mai babur, domin wani yana marmarin tsohon abu ya koma sabo, wani kuma ya haƙura da tsufansa matuƙar zai kai shi Maraɗi ya dawo.