Yawon Buɗe Ido a Kwarin Kogin Rayin

Hausawa kan ce gani ya kori ji, kuma galibi haka abin yake. Amma akwai wuraren da mutum kan je musu ɗauke da labarin da ya riga ya sha ji, har jin nan ya tsaya tsakaninsa da gani, ya dawo gida bai ga kome ba sai abin da aka ce masa zai gani. Kwarin kogin Rayin na ƙasar Jamus yana cikin irin waɗannan wurare. Tsakanin garin Bingen da birnin Koblenz, tafiyar kilomita kamar 65, kogin ya ratsa tsakanin duwatsu masu tsawo, ƙananan garuruwa sun jeru a gaɓarsa, a kan tuddai kuma ga gidajen yaƙi na sarakunan da, kimanin 40, waɗansu a tsaye, waɗansu kango. Tun shekarar 2002 hukumar UNESCO ta sa wannan yanki cikin jerin wuraren tarihi na duniya, amma an fi shekara 200 baƙi suna zuwa kallonsa.

Wani ɗalibi Bahaushe da ke karatu a birnin Mainz ya sami hutu a ƙarshen bazararsu, ya hau jirgin ƙasa zuwa Bingen, daga can ya shiga jirgin ruwa na 'yan yawon buɗe ido mai gangarawa Koblenz. Abin da ke biye shi ne abin da ya gani, haɗe da abin da ya bincika daga baya.

Jirgi bai yi nisa da tashi ba sai ga wata 'yar hasumiya a kan tsibiri, wadda ake kira Hasumiyar Ɓeraye. Labarin da ake ba baƙi shi ne, wai wani babban limamin kirista na Mainz mai suna Hatto ya tara matalauta a rumbu lokacin yunwa ya cinna musu wuta, sai ɓeraye suka bi shi har cikin hasumiyar nan suka cinye shi. Labari ne mai daɗin ji, kowa a jirgi ya ɗaga kyamara. Amma aikin hasumiyar na ainihi shi ne tsaron hanya da taimaka wa masu karɓar kuɗin fito, kuma kamannin da take da su yau gyaran ƙarni na 19 ne. Wannan 'yar hasumiya ita ce mabuɗin fahimtar kwarin gaba ɗaya.

Dalili kuwa shi ne, a zamanin da ba jirgin ƙasa ba mota, Rayin ne babbar hanyar fatauci tsakanin ƙasashen kudu da tekun arewa. Giya, gishiri, hatsi, katako da tufafi duk ta nan suke bi. Inda kwarin ya matse kuwa jirgi ba shi da wata hanyar kaucewa. Saboda haka duk mai iko da ya sami tudu a bakin ruwa, ko sarki ne ko babban limami ko wani ƙaramin hakimi, sai ya gina gidan dutse ya zauna yana jiran fatake. Duk wanda ya san labarin ayarin Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro, da yadda madugu kan yi ta biyan kuɗin fito da gaisuwar sarakuna daga wannan mashigi zuwa wancan, ba zai sha wuyar gane al'amarin ba. Bambancin kawai shi ne, a nan masu karɓa sun gina mazauninsu da dutse, ya daɗe har ya zama abin kallo. Waɗansunsu ma sun wuce karɓar haraji sun shiga fashi sosai, har sai da Sarki Rudolf na gidan Habsburg ya rushe gidajen Sooneck da Reichenstein a 1282.

Babu inda wannan gaskiya ta fito fili kamar a Kaub. A tsakiyar ruwa, kan wani falalen dutse, akwai farin gini mai siffar jirgi, ana kiransa Pfalzgrafenstein. Sarki Ludwig na Bavariya ne ya fara gina shi a wajen 1326, kuma ba don kwana ko shaƙatawa ba. Tasha ce ta haraji, an dasa ta daidai inda dole jirgi ya bi ta tsakaninta da gari. Ba a daina karɓar kuɗi a nan ba sai a 1867, sa'an nan yarjejeniyar Mannheim ta 1868 ta tabbatar da 'yancin zirga-zirga a kogin. Ɗalibin nan ya lura cewa wannan gini ne mutanen jirgi suka fi yi wa hoto, ya yi murmushi a ransa, domin bai taɓa jin inda aka yi wa shingen 'yan haraji irin wannan ƙauna ba. Fatake da suka yi shekara 500 suna tsine wa ginin, da za su tashi su ga jikokinsu suna biyan kuɗi da son ransu don su shiga cikinsa, da sun yi mamaki.

To, yaya aka yi tashar haraji ta zama abin sha'awa? Amsar tana da matakai biyu. Na farko rushewa. A 1689, cikin yaƙin da Sarkin Faransa Luwi na 14 ya yi a wannan yanki, sojojinsa sun fasa da yawa daga cikin gidajen nan da albarushi, suka bar su kufai. A cikin waɗanda ke kan tudu, Marksburg da ke saman garin Braubach kaɗai ne ba a taɓa rushewa ba. Mataki na biyu kuwa aikin marubuta ne da masu zane. A farkon ƙarni na 19 wani salon tunani ya mamaye adabin Turai, wanda ke ɗaukaka daji da dutse da kango da zamanin da ya shuɗe. Mawaƙin Ingila Byron ya bi kogin a 1816, mai zane Turner ya zo a 1817, Victor Hugo na Faransa ya wallafa littafinsa a kan Rayin a 1842. Jiragen ruwa masu aiki da tururi suka fara jigila tsakanin Kolon da Mainz a 1827, wani mai buga littattafai a Koblenz, Karl Baedeker, ya shiga fitar da littafin jagora mai gaya wa baƙo inda zai kwana da abin da ya kamata ya tsaya ya kalla. 'Ya'yan sarautar Furusiya su ma suka shiga sayen kangaye suna sāke gina su, ba yadda suke a da ba, sai yadda suke ganin ya kamata a ce sun kasance. Haka aka yi wa Rheinstein a shekarun 1820, haka aka yi wa Stolzenfels, wanda aka gama a 1842, har Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta sauka a cikinsa a 1845. Ashe abin da baƙo ke ɗauka ginin shekara 700 ne, sau da yawa mafarkin mutanen ƙarni na 19 ne aka zuba wa dutse.

Wurin da ya fi dacewa da nazarin ɗaliban adabi shi ne dutsen Loreley, kusa da garin St. Goarshausen. Tsayinsa mita 132, kogin kuma a nan ya ƙuntata, ya yi zurfi, ya yi kwana, ga duwatsu a ƙarƙashin ruwa. Da jirgi ya kawo gindinsa sai a saki waƙa ta lasifika, tsofaffin Jamusawa su kama amshi. Labarin shi ne, wai wata kyakkyawar mace ce ke zaune a kan dutsen tana taje gashinta tana waƙa, matuƙa su shagala da kallonta har jirginsu ya daki dutse. Bahaushe da ya ji wannan zai tuna da 'yan ruwa, ya ɗauka tatsuniya ce da aka gada kaka da kakanni. Ba haka ba ne. Dutsen ya daɗe da suna wajen haɗari da amsa kuwwa, amma macen kanta marubuci Clemens Brentano ne ya ƙago ta a cikin wata waƙa a 1801. Heinrich Heine ya sāke fasalinta a tasa waƙar ta 1824, Friedrich Silcher ya sa mata karin rerawa a 1837, daga nan ta faɗa bakin jama'a har aka mance tana da mawallafi. An saba koya wa ɗalibai cewa adabin baka shi ne uwa, rubutacce kuma ɗa. Ga misali inda ɗa ya haifi uwa, kuma ya kamata mai tattara tatsuniyoyi a ko'ina ya riƙa tambayar kansa ko abin da tsohuwa ta gaya masa bai taɓa bi ta cikin littafi ba.

Haɗarin wurin dai ba ƙage ba ne. A watan Janairu na 2011 wani jirgin dako mai ɗauke da ruwan guba ya kife daf da dutsen, aka rasa rayuka, zirga-zirga ta sami cikas har makonni.

Koblenz ba ta riƙe ɗalibin da yawa ba. Ya tsaya a mahaɗar Rayin da kogin Mozel, inda gunkin Sarki Wilhelm na 1 ke kan doki. An kafa shi a 1897, harsashin igwa ya kayar da shi a 1945, wanda ke wurin yanzu kwafi ne na 1993. Daga nan ya hau jirgin ƙasa ya koma baya zuwa Bacharach, garin da ya hanga daga ruwa da safe, domin a nan ya yi niyyar kwana.

Bacharach gari ne ƙarami ƙwarai, mai lunguna shimfiɗe da dutse da gidajen da aka gina da gungumen itace aka cike tsakaninsu da farar ƙasa. Rayuwarsa ta dogara ga inabi da baƙi. Gonakin inabin a jikin tudu suke, a tsaye kamar bango, a mafi yawansu sai da hannu ake aiki, shi ya sa za a ga waɗansu an bar su ciyawa da sarƙaƙƙiya sun cinye. Musulmi a irin wannan gari yakan ga kamar an shirya biki ne ba da shi ba, tun da kusan kowace ƙofa ta mashaya ce, amma ana sayar da ruwan inabi wanda bai zama giya ba, kuma da shi ɗalibin ya jiƙa maƙogwaro.

A tsakiyar hawan da ke kai mutum gidan Stahleck, wanda yanzu masaukin matasa ne, akwai kangon wani ɗan coci na jan dutse, ba rufi, tagoginsa dogaye suna kallon sama. Ba wani gini a garin da ya kai shi kyau da yamma. Sunansa cocin Werner, kuma tarihinsa ya fi na kowane gini muni. A 1287 aka tsinci gawar wani yaro mai wannan suna kusa da garin, aka ƙaga wa Yahudawan Oberwesel cewa su suka kashe shi don tsafi. A kan wannan ƙarya aka karkashe Yahudawa a garuruwan bakin kogin, aka mai da yaron waliyyi, aka gina cocin don masu ziyara. Sai a 1963 hukumar cocin Katolika ta yankin Trier ta cire sunansa daga jerin ranakun bukukuwanta, yanzu kuma akwai allo a wurin mai ɗauke da addu'ar neman gafara. Heine, wanda ake rera waƙarsa a jirgi kullum, shi kansa asalinsa Bayahude ne, ya kuma fara wani labari a kan malamin Yahudawa na wannan gari wanda ya tsere wa irin wannan ƙazafi, littattafansa kuwa suna cikin waɗanda 'yan Nazi suka ƙona a 1933. Abin yabo ne ga mutanen garin da ba su ɓoye allon ba. Abin takaici shi ne, cikin waɗanda suka hau matakalar tare da ɗalibin, kaɗan ne suka tsaya karanta shi.

Da magariba ta yi, jiragen baƙi suka tafi, kantunan tsaraba suka rufe, sai kwarin ya koma abin da yake tun asali, wato hanya. Daga kan katangar Stahleck ana ganin dogayen jiragen dako suna haurawa a hankali, ɗauke da gawayi da mai da kwantenoni daga Rotterdam zuwa masana'antun kudu. Nauyin da za su iya ɗauka ma'aunin ruwa na Kaub ne ke yanke shi. A watan Oktoba na 2018, da fari ya yi tsanani, ma'aunin ya sauka zuwa santimita 25, jirage suka koma tafiya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, har man fetur ya yi wuya a waɗansu gidajen mai. Babu gada ko ɗaya tsakanin Mainz da Koblenz, don haka mutumin da aikinsa ke ƙetare sai ya jira jirgin fito, ko ya yi zagaye mai nisa in dare ya yi. A gaɓa biyu kuma akwai layin dogo, jiragen kaya na bi dare da rana ta bayan ɗakunan kwanan mutane, duwatsu suna maimaita ƙararsu, abin da mazauna kwarin suka daɗe suna kuka da shi. A daren nan ɗalibin ya ƙirga jirage har barci ya ɗauke shi, da asuba kuma wani jirgin ne ya tashe shi salla.