Mitar da Ta Kusa Kamo Kuɗin Moto

Tun ranar Litinin takardar kuɗin nan ta ƙi fita daga raina. An tura mu wata masana'anta a bayan garin Hamburg mu haɗa wa wani moto mai kilowat 7.5 mitar kariya, irin wadda ke auna wuta ta kuma kashe injin da zarar ta ga matsala. Da na ga farashinta haɗe da kayanta sai na ɗauka kuskure aka yi, domin ya kusa kamo kuɗin moton kansa. Na tambayi maigidanmu, ya ce ba moton ake ji ba, tsayuwar aiki ta awa ɗaya ita ce asarar.

Nan take zuciyata ta koma Sharaɗa, inda na koyi aiki. Wannan kuɗi, koyil nawa zai naɗa? Kun san yadda muke yi. Moto ya ƙone yau, kafin jibi mai naɗi ya ƙirga zagayen waya, ya zuba banish, ya gasa, inji ya tashi. A nan Jamus ƙaramin moto in ya ƙone sai wurin masu tsohon ƙarfe, don ladan mai gyara ya fi kuɗin sabo. Cikin abokan aikina babu wanda ya taɓa naɗa koyil da hannunsa, kuma wallahi ina alfahari da mutanenmu na gida a kan wannan gwaninta. Sai dai a shekara ukun da na yi a nan, ƙonannun moton da na gani ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. A gida kuwa, a wata guda ma mukan ga haka.

Tunda na haɗa irin wannan mita sau da yawa, ga abin da hannu ya koya mini. Taransifomar awo, wadda muke ce wa siti, tana da fuska. Gefen da aka rubuta P1 shi ke kallon inda wuta ke fitowa, P2 ya kalli moto. In ka juya ta, ko ka musanya S1 da S2, mita za ta nuna kamar moton ne ke ba da wuta. Sitin layin farko kuma dole ta tafi da wayar bolt ta layin farko. In suka saɓa, amfiya za ta fito daidai amma kilowat ƙarya ne, kuma za ka wuni kana zargin mitar. Shigar da adadin da ke jikin sitin yadda yake, in 50/5 ne to 50/5. Babbar magana: kada ka taɓa cire wayar S1 ko S2 alhali inji na aiki. Haɗe bakinsu biyu tukuna, domin siti da aka bari a buɗe tana haifar da bolt mai kisa. Wayoyin bolt da ke shiga mita a sa musu ƙananan fis.

Launin waya ma ya kusa cuta ta a farkon zuwana. Mu mun saba da ja, ɗorawa da shuɗi a matsayin layuka uku, baƙi nutural. A nan ruwan ƙasa, baƙi da toka su ne masu wuta, shuɗi ne nutural. Duk mai sayen injin gwanjo daga Turai ya riƙe wannan.

Wajen saiti, bi amfiyar da ke kan farantin moto, ba girman kwantakta ba. Namu na ranar Litinin wajen amfiya 15 yake ci a bolt 400. In haɗin sita-delta ne kuma obalodin, wato na'urar da ke yanke wuta in moto ya ja fiye da kima, yana ƙarƙashin kwantakta, a ninka adadin da 0.58. Obalodi mai aji na 10 yana nufin in wuta ta kai ninki 7.2 na saitin, zai yanke cikin daƙiƙa 10. Inji mai nauyin tashi yakan so aji na 20. Kafin duk wannan, a nan ba ka taɓa waya sai ka kashe wuta, ka sa kwaɗonka a makunni, mabuɗi na aljihunka, sannan ka gwada ka tabbatar. Wannan ɗabi'a ina musu hassadarta.

Har yanzu farashin yana yi mini ciwo, kuma ba zan ce mai injin niƙa a Dakata ya sayi irin wannan mita ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, su da wutarsu ba ta rawa su ne ke kashe wannan kuɗi, mu da layi ɗaya ke ɗaukewa da rana tsaka, moto ya ci gaba da gurnani a kan biyu har ya yi hayaƙi, mu ne ke barinsa haka nan. Ƙaramar na'urar da ke yanke wuta idan layi ya faɗi ba ta kai kuɗin naɗi ɗaya ba. 'Yan'uwa masu aikin wuta, ku sa wa mai inji ita ko da bai nema ba, kuma in obalodi ya dame ku da yankewa ku binciki dalili, kada ku tsallake shi da waya.