Li'azarun da Muka Kora Daga Ƙofa

Karatu: Luka 16:19-31; Yakubu 2:1-9



Kowace shekara mu ne muke shirya wasan kwaikwayo na Kirsimeti a majami'armu a Ƙaura Namoda. Bara muka zaɓi labarin mai arziki da Li'azaru. Ranar rabon matsayi samari huɗu suka yi ta gardama a kan wanda zai fito a mai arziki, domin akwai babbar riga da aka aro, da kujera, da farantin shinkafa da nama na gaske. Li'azaru kuwa ba wanda ya ɗaga hannu. Sai wani a cikinmu ya nuna ƙanenmu da ke tura ruwa a kura, ya ce a ba shi, ai ba sai an nemo masa tsumma ba. Muka yi dariya. Shi ma ya yi, amma bai ɗago kai ba.

Ana saura kwana uku muna gwaji da yamma, sai wata tsohuwa ta tsaya a ƙofa da jikoki biyu. Ta ce daga wajen Katuru suka fito, 'yan bindiga sun hana su noma, suna neman abin da za su kwana da shi. Mai kula da ƙofa ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, muna aiki ne, ki dawo wani lokaci." Ta ce, "To, ɗana, Allah ya ba da sa'a." Muka koma ciki, Li'azarunmu ya kwanta a ƙasa, mai arziki ya ci gaba da cin namansa.

Ashe shugabar zumuntar mata tana zaune a baya tana gani. Da muka gama ta ce, "Yarana, wasan ya yi kyau. Amma na ga Li'azaru biyu yau, kun tafa wa ɗaya, kun sallami ɗayan." Ba wanda ya iya amsawa.

Daren nan muka sake buɗe Luka 16. Muka lura ba a ce mai arzikin ya doki Li'azaru ko ya ƙwace masa wani abu ba. Har sunansa ya sani, domin ya ambace shi lokacin da yake cikin azaba. Laifinsa shi ne yana wuce shi kullum a bakin ƙofa. Muka kuma lura Yesu ya faɗi sunan matalaucin, mai dukiyar kuwa ba a san sunansa ba har yau.

Wasan kwaikwayo a ƙasar Hausa ya daɗe yana wannan aiki na tona asiri. A wasan kalankuwa, bayan an gama girbi, samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu, su kwaikwayi manya a gaban gari. Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920 ya rasu a 1983, tun yana matashi yake rubuta wasanni masu suka ga zalunci da cutar talaka, kafin a kafa NEPU a 1950. Sun san mutum kan jure wa'azi, amma in ya ga halinsa a jikin wani, sai kunya ta kama shi. Mu dai mun yi wasan ne muna ɗauka da wasu ake, masu manyan motoci a Gusau da Abuja. Ba mu san da mu ake ba.

Rabuwar nan ba ta bukatar miliyoyi. Tana nan tsakanin ɗalibin Poli da mai tura ruwa, tsakanin mai albashi da wanda ya bar gonarsa a Zurmi ko Shinkafi. Tun 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka kuma yanke layin waya a Zamfara, muka ga yadda magidanci kan koma mai roƙo cikin 'yan makonni. Manzo Yakubu ya gargaɗe mu a kan ba mai zoben zinariya kujera mai kyau a bar matalauci a tsaye. Mu ma haka muka raba matsayi.

Washegari muka nemi gafarar ƙanenmu, muka ba shi babbar rigar, wanda ya yi masa ba'a ya kwanta a ƙasa. Kuɗin aron kaya muka sayi gero da shi, muka bi makarantu da kangaye inda masu gudun hijira ke kwana, ba mu tambayi kowa addininsa ba. Tsohuwar kuwa mun yi cigiya, ba mu same ta ba. Wannan yana damunmu har yanzu.

Bana ma za mu yi wasa. Kafin mu fara gwaji, bari kowa ya tambayi kansa: wa ke zaune a ƙofata, na san sunansa, ina kuma wuce shi?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka gafarta mana. Ka buɗe idanunmu mu ga wanda ka ajiye a ƙofarmu tun yana nan. Ka kawo salama a Katuru da ƙasar Zamfara duka. Cikin sunan Yesu, amin.