Aikin Mai Reno Sa'ad da Yara Su Ke Makaranta

A gidajen ma'aikata da yawa a Gummi da Anka da Bukkuyum, miji da mata duka su kan fita da safe. Wata malamar asibiti ce, wata tana koyarwa, wata kuwa tana da rumfa a kasuwa. Saboda haka a kan ɗauki mai reno. Daga ƙarfe 8 na safe har azahar yara suna makaranta, gida ya yi tsit. Iyayen 'yan ajina su kan tambaye ni, wane aiki ya kamata ta yi a wannan lokaci? Amsata ɗaya ce kullum. A ba ta aikin da ya shafi lafiyar yaran da aka ɗauke ta dominsu. Sauran ayyuka kuwa sai an yi shawara da ita tukuna.

Na fari shi ne shara. Mu mutanen wannan yanki mun san abin da ƙura ta yi mana. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. Mutane suna kawo duwatsun zinariya gida, suna dakawa suna niƙawa a tsakar gida. Ƙurar ta kwanta a ƙasa, ƙananan yara suna rarrafe a kai suna sa hannu a baka. Sai da likitocin MSF suka zo ba da magani, aka kuma kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Waɗanda suka tsira ma, dalma ta kan taɓa ƙwaƙwalwa, karatu ya yi musu wuya. Har yanzu ana haƙar zinariya a ƙasarmu. Don haka mai reno ta yayyafa ruwa kafin ta yi shara, ta goge ɗaka da jiƙaƙƙen tsumma, ta kakkaɓe tabarmi a waje. Lokacin da yara ba su nan shi ne mafi kyau, gama ba mai shaƙar ƙurar. Idan akwai mai zuwa wurin haƙa a gidan, kada a haɗa wankin tufafinsa da na yara.

Na biyu shi ne ruwa. Ta wanke randa, ta tafasa ruwan sha, ta rufe shi ya huce kafin yara su dawo da ƙishi. Da damina amai da gudawa ba ya sallama. Na uku, wanki da gugar kayan yara, da shanya katifar mai fitsarin kwance, da ɗinke gidan sauro inda ya yage. Na huɗu, abincin rana. Ta tsince wake ko shinkafa, ta yi tankaɗe, ta ɗora tukunya a kan lokaci. Ni da ke tsaye gaban allo na kan gane yaron da ya san abinci yana jiransa a gida. Hankalinsa a kwance ya ke har a tashi.

Waɗannan huɗu sun isa su cika safiya. Amma na san gidajen da a kan ƙara mata surfe, da wankin maigida, da ɗaukar talla, da zuwa daji neman itace. A wannan zamani na 'yan bindiga, wanda ya aiki 'yar mutane daji ya ɗauki alhaki mai nauyi. Ban da haka, idan ta gaji liƙis kafin azahar, da wane ƙarfi za ta lallashi yaro mai kuka? Gajiyayye ba ya da haƙuri. Yaranmu ne za su sha tsawa da ranƙwashi. A bar mata ko sa'a ɗaya ta ci abinci, ta yi wanka, ta miƙe bayanta.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Sau da yawa mai renon ita ma yarinya ce. Na kan ga 'yar shekara 11 ta rako 'yan ajina riƙe da jakarsu. Sai ta tsaya bakin taga tana bin karatu da leɓe, har ta tuna wanke-wanke yana jiranta, ta juya da gudu. Dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ta hana a ɗauki yaro aikin gida a wajen danginsa. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta ce tilas kowane yaro ya yi karatun shekara 9 kyauta. Ko da 'yar ƙanwarki ce aka kawo miki riƙo, idan shekarunta na makaranta ne, wurinta da safe shi ne aji tare da 'ya'yanki. Aikin safiya na babbar mace ne wadda a ke biya.

Uwargida, ki zauna da mai renonki tun ranar fari. Ki lissafa mata aikin ɗaya ɗaya, ku daidaita a kan albashi da ranar biya. Idan aiki ya ƙaru, kuɗi su ƙaru. Yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta 2011 ta ce mai aikin gida ya sami hutun sa'a 24 a jere kowane mako. Ki ba ta wannan rana ta je sujada ko ta gai da iyayenta. Ki koya wa yara su ce mata Yaya ko Inna, su kuma wanke kwanonsu da kansu idan sun ci. Maigida, kai ma kada ka ce wannan sha'anin mata ne. Ka tambaya ko ta ci, ka tabbata an biya ta a kan kari. Yadda mu ke riƙe ta, haka za ta riƙe mana yaranmu sa'ad da ba mu gida.