Motar Kawu da Harafin da Aka Goge

A garinmu Gesheme ba sai ka ga motar Kawu ba kake sanin ta taso. Tun tana bayan gari ƙararta ke riga ta isowa, wani irin gurnani mai haɗe da tari, sai yara su watsar da wasa su ruga bakin hanya suna ihu: "Ga Hanƙuri nan! Ga Hanƙuri nan!" Sunan daga goshinta ya fito. A saman gilashin gaba akwai wani falle na ƙarfe da aka shafa wa farin fenti, aka rubuta da ja: HANƘURI MAGANIN DUNIYA.

A takarda dai Peugeot 504 ce, akori-kura. Irin motar nan ta fara fitowa a Faransa a 1968, daga 1975 kuma aka shiga harhaɗa ta a Kaduna, shi ya sa ta cika ƙasar Hausa ta ko'ina, ciki da wajen iyaka. Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya sayo tasa daga wajen Birnin Kebbi tun ban shiga lakol ba, kuma ko a lokacin ta sha duniya. Amma da wanda ya zana ta zai sauka tasharmu yau, ina jin fitilun gaba kaɗai zai shaida.

Injin da ke cikinta ba nata ba ne, na wata mota ce ƴar Kwatano da ta yi haɗari aka sayar da kayanta. Lagireton na wata babbar mota ne, sai da aka yanke ƙarfen gaba kafin ya zauna, domin na asali ba ya jure zafin bazara in mota ta shiga rairayin Dallol Mauri da lodi. Sifirin na baya an ƙara masa ƙarafa har bayan motar ya ɗaga sama kamar raƙumi zai miƙe. Sai an ɗora buhuna take daidaita. Bodin asali ya ruɓe tuntuni, mai walda ya ƙera wani, ya tsawaita shi, ya yi masa keji da benci biyu da ake ninkewa in kaya za a ɗauka. Oda kuwa ta gingimari ce. In Kawu ya danna ta, jakuna ma sun san ba da su kaɗai ake ba.

Duk waɗannan suna da dalili. Hanya ce ta sa, da lodi, da rashin kuɗin sayen sabuwa. Sai dai akwai wasu abubuwa a jikinta da ba su ƙara mata gudu, ba su rage mata shan mai. Akwai doki mai sukuwa da aka zana a ƙofar baya. Akwai tuntaye na jar fata da wani baduku ya yi, suna reto a jikin madubi. An naɗe sitiyari da igiyar roba kore da ruwan ɗorawa, ɗaya bisa ɗaya, aikin da ya ci wa Kawu yini biyu. Sai kuma rubutun nan na goshi.

Shekara uku ina yi masa karen mota a lokacin hutu. Ni ke ɗaure kaya, ni ke sa waigi in mun tsaya a gangare, ni ke zuba ruwa a lagireto. Mun ɗauki gero da wake da gujiya da rake, mun ɗauki awaki, mun ɗauki amare da gararsu. Mun taɓa ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare, Kawu yana tuƙi yana salati. A lokacin ban ga wani abin kallo a motar ba. Da na shiga lise a Dogon Dutsi ma kunyarta na riƙa ji. In zai kai ni, sai in ce ya sauke ni a bakin kwalta, wai ina da saƙon da zan karɓa.

Laifin da nake son in faɗa na yi shi ne a hutuna na farko daga jami'a. Na dawo daga Yamai kaina cike da ƙa'idojin rubutu, na san an zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980, duk a kan yadda za a daidaita rubutun Hausa. Ina ji da kaina. Muna zaune a tasha, direbobi da ƴan kamasho sun kewaye mai shayi, sai na ɗaga kai na dubi goshin motar na ce:

"Kawu, ashe shekara da shekaru da kure kake yawo. Ba hanƙuri ake rubutawa ba, haƙuri ne. Harafin nan na tsakiya ba shi da wurin zama."

Aka yi dariya. Wani ya ce, "To, ga malam ya zo." Kawu ya kurɓi shayinsa ya ce:

"Yaro, ni dai hanƙuri nika yi tun ba a haihe ka ba. Haƙurin ga naku na ƴan boko, ban san shi ba."

Aka sake yin dariya, ni ma na yi, na ɗauka magana ta wuce. Da na dawo hutun gaba sai na tarar an shafe harafin da farin fenti. Mai fentin bai matso da sauran haruffan ba, don haka rubutun ya zama HA ƘURI, da giɓi a tsakiya kamar bakin da aka cire wa haƙori. Kawu bai ce mini komai ba. Inna ce ta gaya mini washegarin tafiyata ya kai ta aka goge, wai kada a riƙa yi wa ɗansa dariya a jami'a a ce kawunsa jahili ne.

A shekarar ce kuma muka shiga darasin karin harshe. Nan na koyi abin da ya kamata in sani tun a cinyar Inna. Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne a kan karin Kano saboda a samu abin da za a haɗu a kai a littafi da rediyo. Wannan bai mai da sauran kare-karen kurakurai ba. Mu Arawa da Sakkwatawa da Kabawa da Adarawa muna cikin Hausar yamma: mu ke cewa "tahi" da "hita", mu ke cewa "munka zo" da "sunka tashi", mu ke cewa "wanga" da "wagga". Hanƙuri ma namu ne. Ashe ba kure na gyara ba. Mutum ya rubuta magana yadda take fita daga bakinsa a kan abin da ya gina da hannunsa, ni kuma na zo da jan biro.

Wani abokin ɗakina mai son motoci ne ya ƙara buɗe mini ido, ba da niyya ba. Kullum yana kallon bidiyon wasu motocin Amurka da ake kira hotrod. Na bi diddigin abin. A shekarun 1930, samari a kudancin Kalifoniya waɗanda ba su da kuɗin sabuwar mota sukan sayi tsofaffin Ford masu araha, su ciccire duk abin da ke ƙara nauyi, su sa injin da ya fi na asali ƙarfi, musamman V8 ɗin da Ford ya fito da shi a 1932, su tafi busassun tafkuna na hamada su gwada gudu. Kafin a jima abin ya zama sana'a da gasa, har aka fara buga mujallar Hot Rod a 1948. A Los Angeles kuma ƴan asalin Meziko suka ɗauki wata hanyar. Su ba gudu suke so ba: sai su sauke mota ƙasa-ƙasa, su ƙawata ta da fenti, su riƙa tafiya a hankali don a gan su. Da hukumar jihar ta yi dokar hana sauke mota haka a 1958, sai suka sa mata famfon da ke ɗaga ta in an hango ɗan sanda, ya sauke ta in an wuce.

Ina kallo ina cewa a raina: to wannan da aikin Kawu mene ne bambancinsu? Tsohuwar mota, injin wata, hannun mai walda, fentin da mai ita ya zaɓa. Abokina ya ce bambancin a fili yake: su don sha'awa suke yi, mu don dole. Na yarda da rabin maganarsa. Gaskiya ne Kawu bai taɓa sauya inji don nishaɗi ba. Amma wace dole ce ta sa shi zana doki? Wace dole ce ta zaunar da shi yini biyu yana naɗe sitiyari? Su ma samarin Kalifoniya ai rashin kuɗi ne ya fara tura su wurin tsofaffin motoci. Talauci yana iya zaɓa maka abin da za ka yi aiki da shi, amma ba shi ke gaya maka launin da za ka shafa ba. Ka je kowace tasha daga Dosso zuwa Konni ka duba manyan motoci: duk hanya ɗaya suke bi, kaya iri ɗaya suke ɗauka, amma da wuya ka ga biyu masu ado ɗaya ko kirari ɗaya. Kowa yana son in an hango tasa daga nesa a ce ta wane ce.

Kada mai karatu ya ce ina yabon abin da ke kashe mutane. Na san haɗarin. Motar da aka ƙera don ɗaukar kaya kaɗan in aka ƙara mata sifirin, lodin ne ke ƙaruwa, birkin yana nan yadda yake. Ina cikin motar ranar da waldar keji ta ɓalle muna gangara da rake, Allah ya kiyaye babu kowa a baya sai ni, na tsira da targaɗe. Wanda ya yi waldar ya yi ta ne cikin gaggawa, Kawu kuma bai sake kai masa aiki ba. Daga ranar yake da wata magana da yake maimaita wa duk yaron da ya zo koyon mota:

"Komi na mota ana taɓa shi, ban da abu biyu: birki da sitiyari. Nan ba wurin gwaninta na ba, rayukkan mutane na."

Wato shi ma yana da nasa ƙa'idojin, ba a takarda suke ba kawai. Harshe ma haka yake yi. Ka saurari hirar gareji a wajenmu: birki, giya, taya, salansa duk daga Ingilishi suka shigo ta Nijeriya, buji da kamiyo daga Faransanci, alhali ƙetaren iyaka fulogi suke cewa. Kayan aro ne, amma da sun shigo sai Hausa ta ɗaure su a kan nata ƙarfen. Mota ta zama mace, jam'inta motoci. Taya ta zama tayoyi. Ba wanda ke jin baƙuncinsu kuma.

Wani abu da ke damuna shi ne yadda muke raina masu wannan hannu. Muna alfahari da Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato wanda ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, nan kusa da mu, ya tafi Detroit a 1990, ya yi aiki da General Motors, har zanensa ya zama motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Ya cancanci yabo. Amma idon da ke duban ƙarfe ya ga abin da zai iya zama, akwai shi a ƙarƙashin kowace rumfar walda a Arewa. Bambancin shi ne wani ya samu makaranta da ta karɓi baiwarsa, wani kuma ɗan'uwansa ne ya dawo daga makaranta ya ce masa ya yi kure.

Shekarar 2023 ta yi wa Kawu tsanani. A watan Mayu aka cire tallafin mai a Nijeriya, man ƴan ruwa-ruwa ya yi tsada. Bayan juyin mulkin Yuli kuma aka rufe iyaka, kayan gyara suka yi wuya. Motar ta yi wata da watanni a kan duwatsu a ƙofar gida, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun taya, ya ce ba ta sayarwa ba ce. Daga baya ya samo abin da ya lalace a jikin wata matacciyar mota a Dogon Dutsi, ya gyara shi da hannunsa, ta tashi.

A hutun da ya wuce na sayi ƙaramin gwangwanin jan fenti da buroshi a Yamai. Da asuba, kafin ya fito, na taka taya na hau na mayar da harafin a giɓinsa. Ban iya fenti ba. Hannuna ya yi rawa, harafin ya karkace, jan kuma ya fi na sauran haske. Ina saukowa sai ga shi da buta a hannu. Ya tsaya ya daɗe yana duba.

"Malam, ba kai kac ce kure na ba?"

Na ce, "Kawu, ni na yi kuren. A gafarce ni. In ka yarda in kira mai fenti ya daidaita shi, ya karkace."

Ya ajiye butar, ya sa yatsa ya taɓa gefen harafin don ya ji ko ya bushe.

"Bar shi hakanan," in ji shi. "Zo ka tura, batir ya yi sanyi."